Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Layin Dogon Zariya: Kada Sabon Jirgi Ya Wuce Mu Kamar Yadda Tsohon Ya Bar Mu

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufuri,
da Shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya,
da Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga shugabanninsa, da fatan Allah ya dafa muku a kan nauyin da ya ɗora muku, ina neman izini in shigar da kuka.

Ni malamin makarantar firamare ne. A Sabon Garin Zariya aka yanke mini cibiya, yanzu kuma ina zaune a Hayin Dogo da ke Samaru, unguwar da layin jirgi ne ya raɗa mata suna. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i aka dafa ta, inda akwai mai sayar da hatsi, da direban bas, da tela, da wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin reluwe. Matan unguwa ma sun aiko da nasu saƙon, musamman masu jinyar 'yan uwa a asibitin koyarwa na Shika. Aka ce tunda ni ne mai riƙe alli, ni zan riƙe biro. Don haka da bakinsu nake magana, da bakin duk wanda ke kwana yana tashi a gefen wannan dogo daga Sabon Gari har Shika.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sabon layin Kaduna zuwa Kano. Tun watan Yulin 2021 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Kano muke bin labarinsa: kilomita 203 ne, zai ratsa ta Zariya, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke yin sa. A farkon 2025 muka ji bankin raya ƙasa na Sin ya saki kason farko na bashin aikin, sama da dala miliyan 250. Mun yi murna, har yanzu muna yi. Sai dai murnar tana tafe da fargaba, kada a wayi gari jirgi ya riƙa keta Zariya a guje kamar yadda tirela ke keta ƙauyen bakin titi, mu namu ɗaga hannu da shan ƙura.

Ku gafarce ni in ɗan koma baya, don mai neman gado sai ya faɗi asalinsa. Dogon da Turawa suka faro daga Baro a 1907 ta nan ya bi kafin ya isa Kano a 1911, kuma kakanninmu ne suka sha wuyar aikin diga, da yawansu ba da son ransu ba. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa. Daga tasharmu wani ɗan siririn layi ya tashi zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Daga nan kuma reshen Funtuwa da Gusau ya ɓalle, ya dire a Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari kanta 'yar tasha ce. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka yada zango a gefen dogo, gari ya tashi. Wurin da muke kira PZ sunan kamfanin Turawan ciniki yake ɗauke da shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka jera kantunansu kusa da tasha saboda auduga da gyaɗa da fatu. Har gobe a Zariya hedikwatar gundumar Arewa ta Hukumar Jiragen Ƙasa take. A nan kuma cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, take tun 1986, a kan hanyar Basawa. Garin da ake zuwa daga ko'ina don koyon ilimin sufuri, yau ba shi da jirgin fasinja ko ɗaya da mutum zai tsara tafiyarsa a kansa.

Kwanakin baya ina koya wa 'yan aji biyar darasin hanyoyin sufuri, sai na ce duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa ya ɗaga hannu. Hannu biyu suka tashi, su ma na Rigasa zuwa Abuja suka hau da iyayensu. Wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, wai da gaske wani abu yana bi ta kan ƙarfen nan na bayan gidanmu?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Ina da shekaru irin nasa lokacin da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta kai ni Gusau a jirgi wajen bikin ƙanwarta. Ina tuna bencin katako, da tagar da ake ɗagawa da hannu biyu, da matan Funtuwa da suka kewaye tarago da farantan dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa suna miƙowa ta taga, ana ciniki jirgi na shirin tashi, a wurgo wa mai talla kuɗinta yana tafiya. A gidanmu na Sabon Gari kukan jirgi ne agogo. In ya yi na yamma, Inna ta san lokacin ɗora tukunya ya yi.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne wahalar zirga-zirga a cikin garin kansa. Wanda bai san Zariya ba yana zaton gari ne dunƙulalle. Ba haka take ba, a miƙe take kamar igiyar shanya. Ka fito daga Birni ta Ƙofar Doka, ka bi Tudun Wada, ka haura Kubanni ka shiga Sabon Gari, ka kama hanyar Sakkwato ta Kwangila, ka wuce kwalejin jiragen sama a Palladan, ka iso Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sannan ka ƙarasa asibitin koyarwa a Shika. Duk manyan wuraren da jama'a ke nufa da safe a kan zare ɗaya aka jera su, kuma titi ɗaya ne ke ɗauke da kowa: ɗalibi, da malami, da nas, da mai jinya riƙe da fulas, da mai buhun barkono. Tun da asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, tafiyar da mutumin Birni kan yi da ƙafa ta zama ta mota biyu ko uku.

Ina da goggo a cikin Birni mai ciwon suga, wadda ke zuwa ganin likita a Shika lokaci-lokaci. Ranar da nake raka ta, tun asuba nake baro Samaru in je in ɗauko ta. Keke Napep daga lungunsu zuwa bakin titi, bas zuwa Kwangila, wata bas ɗin zuwa Shika. A Kwangila ne abin ya fi ci mini rai. Tsohuwa mai ciwon ƙafa tana tsaye a rana, 'yan acaba na gogar zanenta, yaran mota na ja mata jaka kowa na cewa tasa ce za ta fara tashi, ga tireloli na zuba hayaƙi a ƙarƙashin gada. In an samu mota a cusa mutum biyar a kujerar mutum huɗu. Wata rana da muka iso Samaru ta leƙa ta taga, ta ce da ni, "Ɗan nan, ba nan ne dogon yake ba? Da a zamaninmu ne ai da tuni na miƙe ƙafata." Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Yanzu Goggo kan tsallake ranar asibiti, ta ce jikin da sauƙi, alhali mun san aljihun ne ba sauƙi. Direban bas na majalisarmu ya ce in rubuta cewa su ma ba riba suke ci ba, gidan mai da mai faci da bakanike suke yi wa aiki. Na rubuta.

Abin takaicin shi ne, duk wannan wahala ana shan ta ne a gefen layin dogo da ke kwance. Reshen Ƙauran Namoda daga tashar Sabon Gari ya tashi, ya bi ta Samaru, ya wuce ta Shika. Ba a bukatar sayen fili, ba a bukatar biyan diyyar gonar kowa, Turawa sun gama wannan kusan shekara ɗari da suka wuce.

Na biyu, dogon kansa yana ƙarewa a kan idonmu. Dattijon reluwen da na ambata yakan ce layin da jirgi ba ya bi maraya ne, kowa ya ga dama ya taɓa shi. Ku ma kun san labarin ɓarayin ƙarfe, tunda sau da yawa jami'an tsaro kan kama tireloli maƙare da yankakken dogo a jihohin Arewa, har da tamu. Da farko noti da maƙalai ake kwancewa, abin da yaro zai sa a buhu ya kai wa ɗan gwangwan a auna a kilo. In an ga shiru sai a zo da wutar walda da dare a yanka dogon kansa guntu-guntu. Wani dare cikin sanyin hunturu mun ji ƙarar ƙarfe daga can bayan gari, muka leƙa muka hango tartsatsin wuta. Ba wanda ya iya fita, don ba mu san me suke riƙe da shi ba, ba mu kuma san lambar wa za mu kira ba. Da gari ya waye sai gurbi. Abin da aka sayar a kuɗin kilo, gwamnati za ta sake sayo shi daga waje da dala.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, don in za ka faɗi, faɗi gaskiya. Mu ma mun ci amanar dogon. A wasu wuraren mun mai da shi juji, ledar ruwa da tokar murhu sun binne shi har ba a ganin ƙarfe. Masu tumatir da kayan gwanjo sun baje a kansa. Wasu sun ja katangar gida ta shiga filin jirgi, wasu sun kafa shaguna da bulo, kuma kowannensu in ka tambaye shi zai ce wani ne ya sayar masa, har ya nuna maka takarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsoronmu shi ne ranar da za a tuna da layin a zo mana da katafila ba sanarwa, a rushe na mai gaskiya da na marar gaskiya tare, kamar yadda aka saba.

Na uku ya shafi sabon layin. Tun da aka buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, mutumin Zariya da ke son hawansa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 80 a mota zuwa Kaduna, sannan ya sake keta gari zuwa Rigasa, yana duba agogo yana addu'ar kada cunkoso ya tare shi a Kawo. Su kansu mutanen Kaduna suna kukan nisan tashar daga tsakiyar gari. Wannan darasi ne da bai kamata a maimaita a kanmu ba. In aka kafa sabuwar tashar Zariya a bayan gari ba tare da hanyar da za ta sada ta da jama'a ba, kuɗin zuwa tasha zai kusa kai kuɗin tikiti, talaka ya koma tashar mota, jirgi ya zama na masu direba.

Akwai kuma wani abu da dattijonmu ya zana mana a ƙasa da tsinke har muka gane. Tsohon dogo faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Ma'ana, duk fasinja ko kayan da zai fito daga Gusau ko Funtuwa a tsohon layi yana son shiga sabon, dole a sauke shi a sake lodi, kuma babu inda ya dace a yi hakan sai Zariya, inda layukan ke gamuwa. In ba a tsara wurin wannan sauyi tun yanzu da ake zuba kankare ba, an yanke Zamfara da kudancin Katsina daga sabon jirgin ke nan, an kuma tuɓe wa Zariya rawaninta na mahaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun kaya ba sai na tsawaita ba. An buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024, kuma tashar tsandauri ba jirgi sunanta gareji. Masarar Giwa da waken soya da audugar yankin nan duk a bayan tirela suke tafiya, suna farfasa titin da aka kashe biliyoyi a kansa, in ɗaya ta faɗi a hanya kuma a kwana ana jira.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce tsaro. Ba mu manta da daren 28 ga Maris na 2022 ba, lokacin da aka kai wa jirgin Abuja hari a kusa da Katari, aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji, jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. Mun kuma san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ke ciki. Shi ya sa ba mu ce a fara da Ƙauran Namoda gobe ba. Tsakanin Sabon Gari da Shika cikin mutane ne, a garin da ke da Depot na horar da kuratan soja da barikin Basawa. Za a kuma ce jirgin cikin gari ba ya mayar da kuɗinsa. Wataƙila. Titin ma ba ya mayarwa, amma ba a fasa yin sa ba. Kuma ba sabon abu muke roƙo ba. Hukumar Jiragen Ƙasa ta daɗe tana jigilar ma'aikata safe da yamma a kan irin wannan tsohon layin a Legas, daga Iddo zuwa Ijoko. Jihar Legas kuma ta ɗora jirginta na Red Line a kan hanyar jirgin tarayya daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Zariya ba ta kai Legas yawan jama'a ba, mun sani, shi ya sa abin da muke nema bai kai nata ba.

Ga roƙonmu.

Ranka ya daɗe Shugaban Hukuma, a turo injiniyoyi su bi layin daga tashar Sabon Gari zuwa Shika taku-taku, su ƙirga abin da ya ɓace da abin da ya ruɓe, a faɗa wa jama'a sakamakon. A gyara wannan ɗan yankin, a ba mu kan jirgi ɗaya da tarago uku ko huɗu, ya yi sawu biyu da safe, biyu da yamma, yana tsayawa a inda jama'a suke. Ba ma neman na'urar sanyaya ɗaki ko kujerar alfarma. Benci, da taga, da lokacin da ba ya canzawa, da tikitin da za a iya saya da kuɗi a hannu, don Goggo ba ta da wayar da ake sayen tikiti ta intanet. A ware tarago ɗaya na mata da tsofaffi da marasa lafiya. Duk inda titi ya gitta dogo a sa ƙarfen tsayar da motoci da mai tuta kafin jirgin farko ya motsa, domin an haifi direbobi da 'yan acaba da yawa da ba su taɓa tsayawa don jirgi ba. A kuma kafa alamar iyakar filin jirgi a fili kowa ya gani, a ba waɗanda suka shiga wa'adi mai ma'ana, a binciki waɗanda suka sayar musu. Masu kasuwar kan dogo a nuna musu inda za su koma kafin a ce su tashi.

Mai Girma Minista, a zo Zariya a yi taron jama'a a kan sabon layin, da Hausa, da taswira a bango. A nuna mana inda tasha za ta zauna, da titin da zai kai mutum can, da inda za a yi gadoji da hanyoyin ƙarƙashi don manoma da dabbobi da 'yan makaranta, tunda layi irin wannan katange shi ake yi, kuma ƙauyen da aka raba da gonarsa ko maƙabartarsa ba zai yafe ba. A sa haɗa tsohuwar tasha da sabuwa a cikin aikin, da filin sauke kaya da lodi. In an tashi ɗaukar ma'aikata kuma, ga NITT, ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin Nuhu Bamalli, yaranmu na nan da takardunsu a cikin leda.

Mai Girma Gwamna, a da in an yi maganar jirgi sai a ce hurumin tarayya ne. Tun watan Maris na 2023 da aka gyara tsarin mulki, jihohi sun samu ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Muna jin ana maganar jirgin cikin gari a Kaduna, muna kuma yi mata fatan alheri. A tuna dai cewa Zariya tata hanyar a shimfiɗe take, gyara kawai take jira. Jiha ta zauna da Hukuma a raba nauyi, wannan ya kawo layi da direba, wancan ya gina rumfunan jira ya sa fitila ya tallafa wa tikitin ɗalibai. A sa ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya da Giwa su kwashe sharar da ke kan dogo. A sa ido a kan masu sayen ƙarfe, don ɓarawon dogo ba ya sata sai ya san inda zai kai. A ba masu unguwanni da 'yan sintiri lambar da za su kira da dare, wadda za a ɗauka.

Wakilanmu na majalisa, ku ma da ku muke. Tun 2023 ɗan Zariya ne ke riƙe da kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa gari ba. Ku taimaka kuɗin gyaran layin Sabon Gari zuwa Shika ya samu gurbi a kasafin kuɗi. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa baki, don maganar filin da aka shiga ba za ta warware cikin lumana ba sai da hakimai da dagatai.

In ɗayanku ya samu sarari ya zo, kada a tsaya a ofishin gunduma a sha lemo a koma. A zo Hayin Dogo da safe, misalin ƙarfe bakwai, lokacin da titi ke cike dogo kuma ba kowa sai awaki. Dattijonmu ya ce duk da ciwon gwiwarsa zai yi muku jagora, ya san kowace kwalbati daga nan har Shika. Ni kuma zan nemi izinin hedimasta in zo da 'yan aji biyar, har da mai tambayar nan ta bencin baya.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin firamare,
a madadin maƙwabtan layin dogo,
Hayin Dogo, Samaru, Zariya.